Tabon Ƙaho a Bayan Ya Kellu

Shafi na 27

Daga Rashida 'yar Dala

Masu zagin Ya Kellu tun shekaranjiya, duk na karanta, Allah Ya huci zuciyarku. Wata har cewa ta yi in kashe tsohuwar nan kowa ya huta. Baiwar Allah, ke da ciwon haƙori ke sa ki kuka, ki bari sai zuciyarki ta shekara tana tsalle a ƙirjinki, sannan ki dawo mu yi maganar taurin kai.

Waɗanda suka tarar da mu yau, ku matso in ɗora ku a hanya. Muna unguwar Dala ne a Maiduguri, shekarar 1999. Ya Kellu mai turaren wuta ce, zuciyarta kuma ba ta bugawa bisa tsari. Bara ɗanta ya kai ta Faransa, likitoci suka zura waya ta jijiyar cinya har cikin zuciyar, suka ƙona 'yan wuraren da ke tayar da bugun banza. Ta dawo garau, aka yi walima, aka yanka sa. Ba a jima ba ciwon ya dawo. Yanzu Dakta Mukhtari ya ce zai buga mata lantarki a ƙirji zuciyar ta koma daidai, amma da sharaɗi: sai ta yi wata guda cur tana shan ƙwayar tsinka jini ba fashi. Gobe Talata ce ranar.

To, ku gyara zama.

* * *

Phoebe ba ta jira an amsa sallamarta ba ta ɗaga labule. A gidan nan ta yi wayo, a gidan nan ta ci tuwo tun bayan rasuwar uwarta Naomi, don haka ba ta san wani abu wai shi neman izini ba. Nas ce a asibitin da za a yi aikin, yau kuma tana hutu.

Turus ta yi a bakin ƙofa.

Da hantsin nan Ya Kellu ta yi wanka, ta rambaɗa kwalli, ta naɗa laffayar nan mai ruwan zuma da ba ta fita daga akwati sai ranar bikin manya. Tana zaune a bakin gado, kasko na hayaƙi a gefen ƙafarta. Ga tiren shayi da ƙosai da autarta Hussainatu ta ajiye, ko taɓawa ba a yi ba.

Phoebe ta tambaye ta ko miji aka yi musu ba a faɗa mata ba. Tsohuwar ta ce ita ba ta san sai da dalili mace ke ado ba, shayin kuma a ɗauke, azumin Litinin take yi.

Ni da nake ba ku labari na so a ce Phoebe ta tsaya a kan maganar azumin nan. Ba ta tsaya ba.

Jaka ta buɗe ta fito da abin sauraron ƙirji, tana jero mata dokokin gobe. Kada ta ci komai da safe, kada ta shafa humra ko mai, don a ƙirji za a ɗora ƙarafan lantarkin kuma fata sai ta kasance a bushe. Ta saurari gaba. Zuciyar na nan yadda take, ta yi gudu, ta tsaya, ta sake kwasa, kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya.

"Sassauta laffayar in saurari baya, Ya."

"Saurara ta sama."

"Ta sama ba na ji."

"To kunnenki ne ya lalace, Fibi. Ni ba na cire kaya da azumi a bakina."

Phoebe ta yi dariya, ta zaci rigimar tsufa ce. Ta zagaya ta zura hannu ta wuyan riga kafin tsohuwar ta ankara.

Yatsunta suka ji kaushi.

Ba na ƙuraje ba. Layi-layi ne ƙanana, a jere.

Ta janye laffayar, ta ɗaga rigar.

Zagayen ƙaho ne reras daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya, kowanne da tsagar aska a cikinsa. Sababbi ne, na cikin satin nan. Kuma sun bushe. Sun kame tsaf, ko ɗigon jini babu a jikin rigar.

Bushewar nan ce ta tsorata ta, ba ƙahon ba. Mai shan ƙwayar tsinka jini, asuwaki kawai ya isa ya sa dasashinsa zubar jini. Kuma ba ta manta ƙahon farko da aka yi wa Ya Kellu a ɓoye ba, satin da ta fara shan ƙwayar, wanda jini ya ƙi tsayawa ya jiƙa zannuwa har sai da aka je aka ɗauko ta daga wurin aiki. Ranar tsohuwar ta ce ta tuba, ita da wanzami har abada.

Yau ga aska ta tsaga ta ko'ina, jini kuma ya tsaya lafiya lau.

"Ya."

"Na'am."

"Yaushe rabonki da ƙwayar nan?"

"Jiya da magariba. Ba ke kika ba ni ba?"

"Ni na ba ki. Yaushe rabon da ki haɗiye nake tambaya."

Ya Kellu ba ta yi gaggawa ba. Ta sauke rigarta, ta mayar da laffayar kafaɗa, ta gyara ta yadda take so. Sannan ta sa ƙafa ta turo kaskon gaban Phoebe.

"Tambayi wannan. Shi ke sha."

Ashe kullum da magariba in Phoebe ta miƙa mata ƙwayar, sai ta tura ta kumatu ta kora ruwa, har ta buɗe baki ta nuna mata harshe don tsokana. Phoebe na juya baya ta tofa ta cikin garwashi, ta barbaɗa turare a kai ya danne warin. Ta ce tun washegarin da aka yi mata ihu a kan zannuwa take yin haka, kuma ga ta nan ba ta mutu ba.

Phoebe ta ja da baya. Ta zauna a kan darduma.

Abin da ya faɗo mata a rai ranar Juma'a ce. Dakta Mukhtari ya tare ta a baranda ya ce sinadarin gwajin jini ya ƙare a ɗakin gwaji, sai wata mai kamawa za a samu. Ya tambaye ta ko ta tabbata tsohuwar na sha. Ta dube shi ido cikin ido ta ce da hannunta take ba ta. Ya ce to maganarta ta ishe shi.

Maganarta ce gwajin. Ba wani gwaji kuma.

"Daina kallona kamar na yi sata," in ji Ya Kellu. "Shi likitan naku me ya ce? Ba cewa ya yi gudajin jini yake tsoro ba? Ya ce jini na kwanciya a lungun zuciya ya daskare, in an buga wutar ya ɓalle ya hau kai, ɓarin jiki ya shanye. Haka ya ce ko ba haka ba?"

"Haka ya ce."

"To an cire."

"An cire me?"

"Gudajin. Ajimi wanzami ya zuƙo shi. Da idona na gani, baƙi ƙirin, guda-guda kamar hanta. Ya juye a ƙasa ya rufe da yashi. Abin da ƙwayarku za ta yi wata tana lallaɓawa, shi kafin shayi ya huce ya gama."

Tana faɗa tana murmushi, irin na wadda ta riga kowa gano hanya. Wallahi ba wauta ke damun matar nan ba. Tunani ta zauna ta yi, kuma a wurinta tunanin ya fita. Ƙahon farko jini ya zo tsararo kamar ruwa, ba gudaji ko ɗaya, Ajimi ya ce ƙwayar ce ke ɓoye shi, ba zai sake kafa mata ba sai ta ajiye ta. Ta ajiye. Ya dawo ya kafa, gudaji ya fito. Me kuma ake nema?

Phoebe ta fara bayani a hankali. Ta ce jinin kowa, in ya fito ya zauna a ƙaho sai ya daskare, ko na jaririn da aka haifa jiya ne. Ta ce wancan jinin fata ne, wanda likita ke tsoro yana can ciki inda baki ba ya zuƙowa. Ta ce yanzu ma ya fi samun wurin kwanciya, tunda an daɗe ba a tsinka shi ba.

Ya Kellu ta ce tun kafin a haifi uban Dakta Mukhtari ake ƙaho a Borno.

"Zan faɗa masa," in ji Phoebe.

Murmushin ya ɗauke.

"Ki faɗa masa me?"

"Gaskiya. A ɗaga aikin, ki sha ƙwayar wata guda a gabana, in ga wucewarta."

"A ɗaga. Jibi Laraba likitan nan zai hau jirgi ya tafi ƙarin karatu, shi da kansa ya ce ba shekara ɗaya ba. Bayan watan wa zai yi min? Ke?"

Phoebe ta ce akwai ƙwayar da ke rage gudun zuciyar, mutum ya rayu da ita. Ta ce akwai komawa Faransa a sake ƙonawa, mutane da yawa sai a karo na biyu yake kama musu. Ta ce akwai likitoci a Legas.

Tsohuwar ta ɗaga mata hannu.

"Kin san yaushe rabon da in tsaya a gaban tukunyar turare? Yaran nan sun ƙona min sukari, sun cika min hawin turaren da ruwa. Wata Hajiya daga Shehuri, tun tana amarya nake haɗa mata, shekaranjiya ta aiko da kwalba a dawo min da ita. Ta ce wannan ba hannun Kellu ba ne. Kuma gaskiyarta."

Ta tsaya ta ja numfashi, don doguwar magana ma yanzu aiki ce a wurinta.

"Daga nan zuwa banɗaki sai na huta a hanya. In yi sujada, zuciya ta hau min wuya. Duk Dala ta ci naman san walimata ta ce na warke, yanzu su ne ke shigowa suna min sannu ƙasa-ƙasa kamar an riga an yi min wanka. Ni ba zan ƙara shekara a gadon nan ba, Fibi. Ko in tashi, ko in tafi."

"Akwai na uku, Ya."

"Babu."

"Akwai. Ki farka da rabin jiki. Baki a karkace, yawu na zuba, ana juya ki ana canza miki zane. Kina son ki ce a ba ki ruwa, kalmar ta ƙi fita. Ni nake juya su kullum, na san yadda idonsu yake."

A tsakar gida ana jin Hussainatu ta daina wanke-wanke.

Da Ya Kellu ta sake magana, muryarta ta sauka, kuma ni na fi tsoron wannan muryar a kan faɗanta.

"Ranar da Naomi za ta cika, hannuna ta riƙe. 'Yan'uwanta sun taso daga Marama suna cike da ɗaki, amma ni ta kira. Ta ce Kellu ga Fibi. Na goya ki, na yi miki kitso, ranar Lahadi ni ke tashinki ki tafi coci kada ubanki ya ce na sace masa 'ya. Na taɓa neman wani abu a wurinki?"

"Ba ki taɓa ba."

"Yau ina nema. Ki rufe bakinki kwana ɗaya."

Hawaye suka zubo wa Phoebe, ba ta share ba. Tana son matar nan fiye da yadda take iya faɗa, kuma a lokacin haushinta take ji kamar ta kama ta ta girgiza.

"Cewa ta yi ki riƙe ni. Ba ta ce in taya ki kashe kanki ba."

"Haka kika ce?"

"Haka na ce. Ko za ki tsine min, sai na faɗa."

"To fita min daga ɗaki."

"Zan fita. Asibiti zan tafi."

Ta tattara kayanta tana zubawa a jaka. Daidai nan suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, da gyaran muryar da duk Dala ta sani. Ba Madu ne, yayan Ya Kellu, dillali a kasuwar shanu. Shi ya raine ta tun suna daji da garke, kuma har yau da furfurarta ba ta ɗaga ido ta kalle shi.

Wani abu ya wuce ta fuskar tsohuwar, da sauri, kamar ta tsinci abin da take nema.

"Ga wanda ya kawo wanzamin nan. Shi ya ce ba zai sa min albarka in kwanta a ƙarƙashin injinku ba sai an cire mataccen jini. Tunda bakinki ya buɗe, je ki fara da shi. In ya ce a fasa, na fasa."

Phoebe ta dube ta.

"Kin yarda?"

"Na taɓa tsallake maganar Ba Madu?"

Kayya, Phoebe. Nas guda, amma tsohuwa ta aike ta kamar yarinya.

* * *

A gindin dogon yaron ƙofar gida ta same shi, an shimfiɗa masa tabarma, yana jan carbi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"Wushe, Ba."

"Wushe, 'yar Naomi. Yaya jikin uwar taki?"

Ba ta yi kwana-kwana ba, ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta kai ƙarshe bai katse ta ba, don shi mutum ne da ya saba barin mai saye ya gama surutunsa. Sannan ya ce ya sani. Ya ce Ajimi ya faɗa masa sharaɗin ajiye ƙwayar, shi kuma ya amince.

Ya ce su da suka tashi a bayan shanu sun san wannan. In saniya ta yi ciwo aka yi mata lalas da jan ƙarfe bai kama ba, ba a sake mayar da wuta sai an fara fitar da mataccen jinin da ke wurin. Turawa sun yi wa Kellu lalas daga ciki, bai kama ba. Yanzu za a sake sa mata wata wutar. To shi bai yi boko ba, amma ba zai bari a sa wa ƙanwarsa wuta a kan mataccen jini ba.

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Tsoro ne a idon tsohon, irin wanda ke idon Phoebe.

Ta rasa ta inda za ta ɓullo masa. Duk bayanin da ta iya na asibiti ne, kuma ta ga inda ya kai ta a ɗaki. Ta kalli hannuwansa, duk tabon igiya da na wuƙa.

"Ba, ka fi ni sanin cikin dabba. In tambaye ka?"

"Tambayi."

"In an yanka sa aka tsaga zuciyarsa, ana samun jini a daskare a ciki?"

"Ana samu. A 'yan lungunan nan. Sai an sa yatsa an ƙwaƙulo."

"Da an kafa wa san nan ƙaho a doro, wancan jinin zai fito?"

Carbin ya tsaya.

Mai ruwa ya wuce da kurarsa, ya gaishe da tsohon, ko jinsa bai yi ba.

"Doro daban," ya ce a hankali. "Zuciya daban."

"Shi ke nan abin da nake faɗa, Ba. Na cikin lungun ake tsoro. Ƙwayar nan kaɗai ke kai masa, kuma garwashi aka yi ta ba wa."

"In an buga wutar yana ciki fa?"

"Zuciyar za ta dawo da ƙarfinta, ta tunkuɗa shi. In Allah Ya tsare, ba komai. In ya hau kai, ba za ta sake kiran sunanka ba."

Ba Madu ya yi salati. Ya dafa bishiya ya miƙe, ya ƙi karɓar hannun da ta miƙa masa, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

"Ni na ɗaura, ni zan kwance. Mu je."

Suka ratsa zaure, suka ratsa tsakar gida. Ya yi gyaran murya a bakin ƙofa ya kira sunanta. Ba amsa. Ya sake kira. Phoebe ta wuce shi ta ɗaga labule.

Kasko na nan yana hayaƙi. Tiren shayi na nan.

Gado ba kowa. Takalmanta babu.

Ta leƙa banɗaki, ta leƙa ɗakin turare. Sai ta hango ƙaramar ƙofar baya, wadda ke fita lungu, a buɗe. Hussainatu na tsaye a jikin bangon madafa, hannu duk kumfa, tana kuka ba sauti.

Ba Madu bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi ta faɗi inda uwarta take.

Nan yarinyar ta fashe. Ta ce jiya bayan fitar Phoebe an aiko daga asibiti, wai an matso da tafiyar Dakta zuwa gobe Talata, don haka yau za a yi aikin kafin azahar. Aka ce kada Ya ta ci komai, kuma a sanar da Sista Phoebe. Ya ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, ta ce so take ta ba mutane mamaki, su gan ta kawai ta dawo tana tafiya. Tasi na lungu tana jira tun kafin Phoebe ta shigo. Ita wallahi ba ta san maganar ƙwaya ba sai ɗazu da ta jiyo su, kuma da ta riƙe mata laffaya a bakin ƙofa Ya ta fizge ta ce ta koma ta gama wanke-wankenta.

Ado. Azumin Litinin. Je ki fara da Ba Madu.

Duk suka jeru wa Phoebe a kai lokaci guda.

"Ta bar miki saƙo," in ji Hussainatu cikin shessheƙa. "Ta ce ba ta yi fushi ba. Ta ce in ta dawo da ƙafarta, da hannunta za ta haɗa miki humra."

Phoebe ta ruga falo ta ɗaga wayar tarho. Shiru, kamar kullum, tun damina layin ya mutu. Ta yar da ita ta fito.

Ba Madu ya riga ya shiga a-kori-kurarsa ya tayar. Tsohon da ke tuƙi kamar yana raka amarya, yau shi ne ke hawa kan yashi yana kauce wa mutane da oda. Leɓɓansa na ta motsi da addu'a.

Sun kusa babban titi suka tarar da garke ya cika hanya, ana kora shi kasuwa. Shanu ne har iya ganinka, ba gaba ba baya. Ya leƙo yana yi wa makiyayan magana da yarensu, suna ta ɗaga sanda, amma saniya ba ta san sauri ba.

Ya buga sitiyari da tafin hannu. Sannan ya juyo gare ta, idonsa jawur.

"Sauka ki bi ta ƙafa, 'yar Naomi. Ki ce ni na ce a fasa."

Ta dira. Ta kutsa tsakanin ƙahoni da bindi, silifas ɗinta ɗaya ya tsinke ta bar shi a nan. A ɗaya ɓangaren ta tare ɗan acaba, ta haye tun bai gama tsayawa ba.

* * *

An ɗauke wuta a asibitin, janareta ke ta ruri a bayan gini. Mai gadi ya ga Sista Phoebe ba inifam, ƙafa ɗaya ba takalmi, ɗankwali a hannu, ya matsa mata. Ta bi baranda da gudu, ana kiran sunanta ba ta waiwaya ba.

Tun daga nesa ta hango ta.

Laffaya mai ruwan zuma, an ninke ta tsaf an ajiye a kan benci. Takalma a ƙasa, an jera su kusa da juna, yadda mai niyyar dawowa ke ajiye kayanta. Duk barandar ƙamshin turarenta take.

Ƙofar a rufe, an sa sakata ta ciki.

Ta manna fuska a gilashi.

Ya Kellu na kwance rigingine, bayanta a ƙasa inda ba mai ganin tabon. An riga an yi mata allurar barci, ido a rufe, kwallin nan raɗau, fuskar ta saki kamar ba ita ce ta gama faɗa ɗazu ba. Dakta Mukhtari na tsaye a kanta ya ba ƙofa baya, ƙarafan biyu a hannunsa, ya ɗora su a ƙirjinta. Ƙarar injin na hawa sama, siririya, tana ƙara tsini.

Ta ga ma'aikatan sun ja da baya sun ɗaga hannuwa daga jikin gadon. Ta san wannan matakin. Ita ma ta sha ja da baya haka.

Ta daki ƙofar da hannu biyu.

"Dakta! Ƙarya na yi maka! Ba ta sha ba!"

Janareta ya haɗiye muryar. Wata nas ce kaɗai ta ɗago kai, ta ƙura wa gilashin ido tana ƙoƙarin gane wace ce.

Injin ya kai ƙarshen kukansa.

Manyan yatsun Dakta Mukhtari na kan maɓallan.